Kayan fatsar maski da na saya a gwanjo, wata tara ina gwada su a ruwan Legas

Tun watan Disamba nake son in yi magana kan kayan nan na fatsar maski, wani kifin Amurka, amma na ce bari dai sai sun sha ruwa sosai tukuna, don ni bana son mutum ya sayi abu yau gobe ya fito yana yabo ko yana kushe alhali ko ledar bai gama cirewa ba. Yanzu wata tara kenan, na shiga ruwa da su sau 11, Epe sau 7, bakin teku wajen Tarkwa Bay sau 4, to ina ganin yanzu ina da bakin magana.

Ni ɗan Yauri ne, harkar albasa nake yi a Mile 12, amma ta wajen uwa Sarkawa ne mu, a bakin Kwara na buɗe ido, tun ban iya ɗaure wando da kyau ba nake bin kawunnaina duba mamari da ɗaga gura. Wanda ya tashi haka ko ka kai shi ina in ya ga ruwa sai ƙafarsa ta tsaya. Shekara da shekaru ina wuce gadar Third Mainland ina kallon mutanen Makoko suna watsa birgi a ƙasa, raina yana biyawa, amma ban taɓa samun abin da zai mayar da ni ruwa ba sai ranar da na raka wani abokina wajen Apapa zai saya wa yaronsa keke a irin shagunan nan da ake sauke kwantenar gwanjon Amurka.

A bayan shagon, tsakanin injinan motsa jiki da tantunan zango, na hango sanda doguwa an jingine ta da bango duk ta yi ƙura. Sandar fatsa ce, tsawonta ƙafa 8 da rabi, wajen mita 2.6 kenan, marikinta na toton kwalaba ne mai tsawo sosai, da injin naɗe zare irin mai zama a saman sanda ba mai ratayuwa a ƙasa ba, an cika shi da zaren kitso kore. Gefe kuma akwai akwatin roba, ciki kifayen ƙarya guda 7, wasu na katako wasu na roba, da wayar gaba guda 3, wato wadda ake ɗaurawa tsakanin zare da kifin ƙarya don kar haƙori ya yanke zaren, da doguwar filaya. Mai shagon gaskiya ban ga laifinsa ba ko kaɗan, ya ce min kai tsaye shi bai san kan kayan kifi ba, a haka suka zo a haka zai sayar, ya bar ni na juya injin na ja zaren na lanƙwasa sandar, abu ɗaya dai ya ce in na fita da su babu dawowa. Ya fara daga 220,000 muka yi ta ja har muka tsaya a 165,000. Kuɗi ne masu yawa a wajena, na kwana biyu ina tunani kafin na koma na biya.

Da daddare na kira Yayana ta bidiyo a WhatsApp, shi yana Kolombos a jihar Ohayo, aikin jinya yake yi, kuma shi ma jinin su bai bar shi ba, duk hutun da ya samu yana ruwa. Ina ɗaga akwatin ya ce, Auta, matso da shi kusa in gani. Ya yi shiru yana kallo sai ya ce ka san me ka saya kuwa? Wannan kayan maski ne, kuma duk wanda ya haɗa akwatin nan na farkon shekara ya haɗa, lokacin da ruwa ke da sanyi, dubi yadda kifayen duk ƙanana ne.

Ni a lokacin ko sunan ban taɓa ji ba. A rubuce muskie ne, cikakken sunan muskellunge, asalin kalmar daga yaren Ojibwe ta fito, mutanen da ke zaune a yankin tun kafin zuwan Turawa. Kifin ruwan daɗi ne na Amurka ta Arewa kaɗai, yankin manyan tafkunan nan biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada, da kogin Sen Lorans, da saman Misisifi da kogin Ohayo. Dogo ne siriri, bakinsa kamar na agwagwa amma cike da haƙora, kuma a danginsa babu wanda ya kai shi girma. Wanda ƙungiyar IGFA mai ajiye tarihin manyan kifayen da aka kama da fatsa ta rubuta a matsayin mafi nauyi an kama shi a Wiskonsin a 1949, laba 67 da oza 8, wato kilo 30 da ɗan wani abu. Jihar Wiskonsin ma shi ta ɗauka a matsayin kifin jiha tun 1955. Giwan ruwanmu ya fi shi girma nesa ba kusa ba, wannan ba abin musu bane, abin da ya ba maski suna shi ne wuyar kamu. Kirarin da suke masa shi ne kifin jifa dubu goma, wai sai ka jefa ƙugiya sau dubu goma kafin ɗaya ya kama, kuma Yaya ya ce akwai shekarar da ya fita sau tara a jere bai taɓa ko ɗaya ba.

To ga abin da ya sa akwatin ya zama na sanyi, kuma nan ne nake so duk mai son sayen irin kayan nan ya tsaya ya fahimta. Lokacin da ake magana a kai masu fassara suna ce masa farkon bazara, amma ba irin bazararmu bace mai sa mutum ya kwana a tsakar gida. Wajen watan Maris zuwa Afrilu ne, ƙanƙara ta gama narkewa kenan, ruwa yana digiri 5 zuwa 10, in ka sa hannu minti ɗaya yatsunka sun daina jin komai. Shi kifi jikinsa bin ruwa yake, ruwa ya yi sanyi shi ma ya yi sanyi, abinci ya daɗe bai narke a cikinsa ba, ƙarfin bin abu da gudu babu. Ga kuma lokacin zuba ƙwai yana matsowa, don maski yana zuba ƙwai ne idan ruwa ya kai wajen digiri 10 zuwa 15. Saboda haka sai ya bar zurfi ya matso lungunan da ba su da zurfi, musamman masu baƙin laka a ƙasa waɗanda rana ke duka, don su ne ke fara ɗumi, ko da digiri ɗaya ko biyu ne ya ishe shi, kuma ƙananan kifi ma can suke taruwa. Shi yasa a lokacin ba sa sammako irin namu, bayan azahar zuwa la'asar ne ya fi, rana ta gama ɗumama ruwan. Kuma maimakon manyan kifayen ƙarya masu inci 10 ko fiye da ake jefawa in zafi ya shigo, sai su koma masu inci 5 zuwa 7, a ja a hankali, a fizga kaɗan, a tsaya. Yaya ya maimaita min wannan ya fi sau biyar, ya ce Auta tsayawar ita ce fatsar, yawancin kamun a lokacin da abin ya tsaya cak a tsakiyar ruwa yake zuwa.

A jihohin arewa kamar Minesota ma ba a yarda a kama shi a wannan lokacin ba, sai Asabar ɗin farko ta watan Yuni ake buɗewa don a bar shi ya gama zuba ƙwai. Masu fatsar farkon shekara sai dai su gangara Ohayo ko Kentaki inda babu rufewa, irin su tafkin Cave Run, shi Yaya Alum Creek yake zuwa don yana kusa da shi.

Sai na ce to Yaya ni da nake Legas, ruwan da da wuya ya sauka ƙasa da digiri 24 ko a lokacin da ya fi sanyi, me zan yi da kayan ƙanƙara? Ya ce je ka gwada, mai haƙori mai kwanton ɓauna duk inda yake halinsu ɗaya.

Matsalar farko tun kafin in ga ruwa ta fara, wato ɗaukar sandar. Gindinta yana shigewa ciki ta ragu kaɗan amma duk da haka ta fi ƙafa 7, danfo ba zai ɗauke ta ba sai da rigima, kwandasta zai ce ka biya kuɗin kujera, kuma in an rufe but a kan bakinta shikenan an gama da kai. Sai da na sayi bututun roba na masu aikin famfo mai inci 3, na sa soso a ƙasa na yi masa murfi da igiyar ratayawa. Duk mai sayen sanda irin wannan a Legas ya sa kuɗin bututu a lissafi, kuma ya fi sauƙi in kana da mai mota da za ku tafi tare.

Fitar farko a watan Janairu ne, hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari. Muka yi asuba muka bi ta Ikorodu da Itoikin muka shiga Epe, ni da Kawuna wanda ke sayar da banda, shi ya san masu jirgi a can don a kasuwar Oluwo yake saro kifi. Ya haɗa mu da wani dattijo mai kwale-kwalen katako. Da na buɗe akwatin Kawu ya ɗauki ɗaya daga cikin na katakon ya juya shi ya shinshina, ya ce ɗana, kifi fa ba wawa bane, ba tana ba gara ba ɗan kifi, wa zai ci itace? Na ce Kawu a yi haƙuri a gani. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya ɗaura kotonsa a zaren hannu ya juya min baya.

Awa biyun farko ba kifi nake kamawa ba, zare nake warwarewa. Irin wannan injin idan ka jefa, abin naɗin da kansa yake juyawa yana sakin zare, in ya fi kifin ƙaryar gudu sai zaren ya taso ya cukurkuɗe a ciki. Dole babban yatsanka ya zauna a kan zaren yana shafa shi, kifin ƙaryar na taɓa ruwa ka danne. Akwai birki a gefe mai lambobi, da wani ɗan murfi da ake ɗaurewa, abin da na gane daga baya shi ne ka ɗaure murfin har sai in ka saki kifin ƙaryar yana sauka ƙasa a hankali, ka kai birkin sama, in hannunka ya saba sai ka riƙa ragewa. Kuma kar ka jefa kana fuskantar iska. Wanda bai taɓa riƙe irinsa ba ya samu fili ko filin ƙwallo ya cire ƙugiyoyin ya yi kwana uku yana koyo, kar ya je yana biyan mai jirgi kuɗin yini yana tsince zare da allura kamar yadda ya faru da ni. Wani abu kuma, an yi sandar ne don mai tsayuwa a jirgi mai faɗi, a kwale-kwale kuwa a zaune kake, dogon marikin yana tokarin cikinka yana bugun gefen jirgi, kuma ƙugiyoyi masu baki uku-uku suna wucewa ta saman kan mutum biyu. Duk jifa sai na ce a sunkuya.

Wajen ƙarfe goma hazo ya ɗan ɗaga, Baba mai jirgi ya tura mu gefen wata kainuwa da ta yi shimfiɗa a bakin ciyawa. Na sa mafi ƙanƙanta a akwatin, na katako mai ruwan azurfa da baƙin baya, ba shi da ɗan harshen nan a gaba mai sa wasu nutsewa in an ja. Ruwan wajen a kwance yake, launin shayi, kana iya ganin abu har kamu ɗaya a ƙasa. Na jefa daidai bakin kainuwar, na fizga bakin sandar ƙasa sau ɗaya, sai abin ya zame ya yi hagu, na sake fizga ya zame dama, kamar ɗan karfasa da aka buge bai san inda zai nufa ba, sai na tsaya. Ina ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, yana nan yana ɗan nutsewa a hankali cikinsa yana walƙiya, kainuwar ta motsa kaɗan, wani abu ya fito kamar an harbo kibiya ya ɗauke shi ta gefe. Kawu da ya ce ba zai kalla ba shi ya fara cewa ja mana, ja!

Wani kifi ne mai dogon baki haƙora a waje, Baba ya ce su ijakere suke ce masa. Da na tura wa Yaya hoton ya yi ta mamaki don sifarsa sak ƙaramin maski, ko da yake ba danginsu ɗaya ba, shi wannan ya fi kusa da tsage. Bai wuce kamu biyu ba. Kuma nan zan faɗi gaskiya kan sandar, ban ji daɗin jansa ba ko kaɗan, zaren yana ɗaukar laba 80 wato wajen kilo 36, sandar kuma tauri gare ta kamar muciya, kifin bai ko lanƙwasa bakinta ba, kawai na naɗo shi ya zo. Kamar ka ɗauko gatari ne za ka yanka albasa. A fita bakwai da na yi Epe abin da na samu ijakere ne da tufi, tufin ma sun fi ba da daɗi don suna dukan abin da haushi a gindin ciyawa, amma babu wanda ya sa birkin zaren, wanda ke sakin zare kaɗan-kaɗan in kifi ya ja da ƙarfi, ya yi ko ƙara. In Epe da Ikorodu da Badagry kaɗai za ka riƙa zuwa kar ka kashe kuɗinka a nan, sanda mai rabin wannan ƙarfin da injin mai ratayuwa a ƙasa sun fi maka, sun fi arha kuma hannunka ba zai mutu ba kafin azahar. Amfanin da na ga na kaurin zaren a can ɗaya ne, in abin ya maƙale a kainuwa ko saiwa kana fizgo shi da ciyawar gaba ɗaya, har yau ban rasa kifin ƙarya ko ɗaya ba.

Amma ita dabarar tsayawa, wallahi ta yi aiki fiye da yadda na zata, kuma ta fi aiki a safiyar hunturu da kuma bayan an kwana ana ruwan sama, lokacin da kifi ke lafewa ba ya son bin abu. Na gwada da gangan, jifa goma ina naɗewa ba tsayawa, jifa goma ina tsayawa, a wuri ɗaya, kusan duk dukan da na samu a tsayawa ne. Yanzu Kawu da kansa in na yi sauri sai ya ce ɗana ka cika gaggawa, bar shi ya huta.

A watan Afrilu Yaya ya kira ni daga cikin jirgi, ya sa rigar sanyi uku da safar hannu, bakinsa yana hayaƙi, ni kuma ina rumfa zufa tana bin bayana. Ya kama ɗaya mai inci 38, ya bar shi cikin ragar a ruwa ya cire ƙugiya da filaya, ya ɗaga shi aka ɗauki hoto, ya mayar ya riƙe wutsiyarsa har ya farfaɗo ya tafi. Kawu yana gefena ya kama baki ya ce yanzu duk sanyin nan da ka sha sakinsa ka yi? Yaya ya ce Kawu ai in kowa ya tafi da nasa shekara kaɗan za a neme su a rasa, ba su da yawa kuma a hankali suke girma, a Minesota ma in bai kai inci 54 ba doka ta hana ka ɗauka. Kawu ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce lokacin da suke samari a Yauri akwai giwan ruwan da sai mutum biyu sun rataya shi a sanda, ya ce rabon da ya ga irinsa har ya manta.

Inda kayan suka nuna ko su waye shi ne bakin teku. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan tekun nan namu yana ɗan yin sanyi don na ƙasa yana tasowa sama, gari ya yi lumshi iska tana kaɗawa, shi ne mafi kusa da abin da za mu kira ruwan sanyi a nan. A watan Agusta muka haɗa kuɗi mu huɗu muka ɗauki jirgin faiba mai inji zuwa wajen duwatsun da aka jera a mashigar manyan jiragen ruwa kusa da Tarkwa Bay. Kowa da rigar kariya, hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa na Legas ta wajabta, kuma ko ba doka wanda ya ga yadda ruwa ke juyawa a wajen nan lokacin da yake janyewa ba sai an roƙe shi ba. A nan ne tsawon sandar ya yi rana, ina tsaye, jifa ɗaya abin yana zuwa inda abokan tafiyata ba sa kaiwa, har gindin duwatsun ba sai jirgi ya matsa kusa da haɗari ba.

Akwai wani abu da masu maski suke yi wanda Yaya ya ce kar in kuskura in bari, idan ka naɗo kifin ƙaryar ya iso gefen jirgi kar ka cire shi, ka tsoma bakin sandar a ruwa ka zana lamba 8 babba da shi, don maski yana da halin biyo abu har jirgi yana kallo bai kama ba, juyawar nan ce ke tunzura shi. Na yi ta yi ba komai har na fara gajiya. Wajen la'asar na naɗo, ruwan kore ne mai ɗan haske, sai na ga wata doguwar inuwa a bayan abin, tazarar kamu ɗaya, tana tafe ba ta ko kaɗa jela. Barakuda. Gabana ya faɗi amma na tsoma sandar na juya, lanƙwasar farko ya biyo, a ta biyu na ɗan dakata sai kawai na ga farin baki ya buɗe, sandar ta nemi ƙwacewa daga hannuna, birkin zaren ya yi ƙara a karon farko tun da na saye shi. Ya yi tsalle sau biyu yana girgiza kai ruwa yana fallatso mana a fuska. Minti kamar shida muka yi kafin mai jirgi ya sa ƙugiyar hannu ya ɗago shi, da muka auna a sikelin rumfa kilo 7 da ɗan kai. Wayar gaban ta lanƙwashe ta yi tabon haƙori wuri uku, da zaren roba ne zalla ko daƙiƙa biyu ba zai yi ba. Filayar ma ranar na san darajarta, bakin nan ba wajen sa yatsa bane.

To sai ɓangaren da ya ɓata min rai, kuma rabin laifin nawa ne. Injin nan na ruwan daɗi ne, ba a toshe shi don gishiri ba. Bayan fitar farko teku goge shi kawai na yi da tsumma na ajiye, sati biyu na ɗauko sai na ji yana gurnani, marikin yana cijewa. Na kai wa wani mai gyaran keken ɗinki a Agege muka buɗe tare a kan farar takarda don kar ƙananan sukurori su ɓace. Gishiri ya bushe a ciki fari fat kamar kanwa, boris biyu sun yi jajir da tsatsa, giris ɗin ya koma kamar laka. Ya wanke da kananzir, ɗaya ya dawo, ɗayan sai da muka yi kwana huɗu muna neman mai girmansa kafin aka samu. Tun daga nan duk ranar da na dawo, ko na gaji kamar me, sai na ɗaure birkin, na zuba masa fiya wata leda biyu a hankali ba da ƙarfi ba don kar a tura gishirin ciki, na shanya a inuwa, na sassauta birkin, na ɗiga man keke a boris. Zoben da zare ke bi a jikin sandar su ma a wanke, gindinsu ne ke fara ci.

Ƙugiyoyin da suka zo da su kuwa ba sa jure gishiri sam, kwana ɗaya sun yi ja, dole na canza su da na teku masu ruwan azurfa. A nan na gano wani abu da ya ɗaure min kai da farko. Waɗannan kifayen an auna nauyinsu ne don su tsaya cak a ruwan daɗi mai sanyi. A Epe ruwa da ɗumi, bai kai mai sanyi riƙe abu ba, sai su riƙa nutsewa a hankali, a teku kuma gishiri yana ɗaga abu sai su riƙa tasowa sama in ka tsaya. Da na sa ƙugiyar teku mai ɗan kauri sai nauyin ya zo daidai, a bakin duwatsun nan yanzu tsayawa suke kamar an rataye su, amma in na kai su Epe a haka sai su yi ƙasa da sauri su kwaso ciyawa. Yanzu raba su na yi, uku na teku huɗu na Epe, kuma kafin in fita ina gwada kowanne a bokiti. Masu ƙarara a ciki guda biyu sun fi amfani lokacin damina da ruwan Ogun ke shigowa ya dagula ko'ina, kifi ba ya gani sosai amma yana jin motsi ta layin nan na gefen jikinsa. Akwai ɗaya mai gashi da faranti mai juyawa, shi har yau ko duka ban samu da shi ba.

In ka tambaye ni ko zan sake saya, sandar da wayoyin da filayar eh, ba tare da wani tunani ba, sandar ko tsagewa ba ta yi ba kuma na yarda za ta riƙe abin da ya ninka barakudan nan sau uku. Kifayen katakon su ma eh, fentinsu ya sha haƙori amma suna nan suna aiki. Injin ne da na sani da na cire shi daga cinikin na nemi ragi, na ƙara kuɗi na sayi wanda aka yi don teku. Kuma akwai abin da babu a kayan wanda dole ka nema, babbar raga ta ɗebo kifi da abin yanke ƙugiya, don ranar da mai baki uku ta shiga hannun mutum kifi yana fizga a ɗaya gefen, yanke ta kawai ake yi.

In ka ci karo da irinsu a gwanjo, ka zare auduga kaɗan ka zagaya cikin kowane zobe, in ta maƙale zoben ya tsage kuma zai yanke maka zare. Ka danna maɓallin sakin zare ka juya mariki ka ji ko yana komawa da ƙara ɗaya mai tsafta. Ka ɗaure birki ka ja zaren da hannu a naɗe da tsumma, ya fito sumul ba yana fizga ba. Ka warware zaren kamar mita 20 ka duba ko ya yi gashi, nawa sai da na yanke wajen mita 15 na zubar. Ni duk ban san waɗannan ba ranar da na biya, Allah ne ya rufa asiri aka dace.

Yaya ya ce zai aiko min da wayoyin gaba da abin yanke ƙugiya ta hannun wani mai zuwa a Disamba. Kawu kuma ya ce in mun je gida hutun ƙarshen shekara in taho da bututun, akwai wani gurbi a ƙasan Yelwa inda ruwa ke juyawa a gindin dutse, yana so ya ga ko giwan ruwa zai ci itace.